Sawun Ƙwallon da Na Taka

Shekara talatin da ɗoriya ina yanka shadda da atamfa a Kasuwar Litinin, ban taɓa rage wa mutum ko faɗin ɗan yatsa a yadi ba. Kowa a layinmu ya shaide ni da wannan, har in rigima ta tashi tsakanin tela da mai kaya sai ka ji an ce a kira Alhaji ya auna. Na fara da wannan ne don a san irin mutumin da aka ɗora a kan kujerar alƙalanci a ranar da zan ba da labarinta, kuma don kada wani mai son yi mini uzuri ya ce kuskuren ido ne. Idona lafiyarsa ƙalau a lokacin, ko tabarau ban fara sawa ba.

Maƙwabcin shagona ne ya koya mini wasan tanis. Ibo ne, Kirista, yana sayar da zare da maɓalli da allurar keken ɗinki, bango ɗaya ya raba mu. Ya zo Maiduguri yana saurayi, ni kuwa a goye aka zo da ni daga Kano, amma duk da matata Babarbariya ce, shi ya fi ni jin Barbarci nesa ba kusa ba. In tsofaffi suka shigo sayen zare sai ka ji shi yana ta gaisuwar "wushe, wushe" da su har su manta abin da ya kawo su, ni ina gefe ina gyaɗa kai kamar na gane. Yana da wata 'yar talabijin a saman kanta, in an kawo wuta sai ya kunna yana kallon manyan 'yan wasan duniya. Na daɗe ina yi masa dariya. Ƙatti biyu, kowa da gemunsa, suna bin abin da bai fi lemun zaƙi ba suna nishi, wai kuma sana'arsu ke nan, da ita suke ci da iyali. Wata Asabar ya gaji da bakina ya ja ni filin, ya miƙa mini raket, abin dukan ƙwallon, ya ce in buga tunda abin wasa ne. Na kai duka sau bakwai ban taɓa ƙwallon ba. Haushin wannan ne ya mayar da ni washegari, daga nan kuma na zama ɗan gida.

Filin yana can wajen unguwar Polo, bayan wata tsohuwar katanga, bishiyoyin darbejiya sun yi masa inuwa ta gefe ɗaya. Jar ƙasa ce da aka daddaɓe, ragar ta sha faci, sai wata doguwar kujerar ƙarfe mai tsani da alƙali ke hawa in wasan na gaske ne. Masu zuwa yawanci tsofaffin ma'aikata ne da suka ajiye aiki, da 'yan kasuwa irinmu ƙalilan, da wani tsohon koci da ke kula da wurin. Maƙwabcina ne mai zuba layi. Kowace Asabar da sassafe zai ja buhu a kan filin ya share tsofaffin sawaye, ya ja igiya, sannan ya bi ta da gwangwanin farar ƙasa yana tafiya a duƙe. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ke biyansa.

A irin wannan fili duk inda ƙwallo ta dira sai ta bar sawu, kuma wasan gaba ɗaya a kan wannan sawu ya tsaya. In sawun ya ci layi, ko da kaurin zare ne, ƙwallon ciki take. In an yi gardama, alƙali zai sauko ya duba. Amma akwai wata al'ada da ta fi wannan, wadda maƙwabcina ya koya mini tun makon farko. In ƙwallo ta faɗi a gefenka, ka je ka duba ka ga lallai ta ci layi, ba sai ka ce komai ba, sa ƙafa za ka yi ka goge sawun. Wannan gogewar ita ce ka ce wa abokin karawarka na yarda, makinka ne. Yakan ce duk tanis ba abin da ya kai wannan kyau, wai har manyan da muke gani a talabijin suna yi, a gaban dubban mutane, da kuɗi a tsakani. Ni ma na sha yi masa, shi ma ya sha yi mini.

Kowannenmu yana da 'ya mace, watanni ne tsakaninsu. Tasa bahaguwa ce, siririya, mai yawan dariya. Tawa 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata aka sa mata, saboda haka ban taɓa kama sunanta ba, Uwata nake ce mata. Tun suna ƙanana suke bin mu filin, su zauna a gindin darbejiya suna cin aya, har wata rana kocin ya yanke musu tsofaffin raket biyu ya rage tsawonsu. Shekarun da gari ya rikice an rufe filin, ciyawa ta cinye shi, mutanen kudu da yawa suka kwashe suka tafi. Maƙwabcina ya kai iyalinsa gida na shekara guda ya bar mini makullin shagonsa, sannan ya dawo da su, ya ce 'yarsa ta ƙi cin abincin can, burabusko take nema. Da aka sake buɗe filin yaran sun zama 'yammata, kuma cikin shekara biyu babu namijin da ke zuwa wurin da bai sha kashi a hannun ɗaya daga cikinsu ba. Ni tun tuni na daina karawa da su don in tsira da mutuncina.

Sai magana ta tashi, yadda kuwa dole ta tashi. 'Yata tana wasa da dogon wando da riga har gwiwa da ƙaramin hijabi da na sa tela ya ɗinka mata musamman, ba abin da ke bayyana sai fuska da tafin hannu. Wannan bai hana dangin uwarta zuwa su zauna mini a tsakar gida suna jan numfashi ba. Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne wani mai sayar da huluna da ke fuskantar shagona, mutum ne da bakinsa ba ya hutawa. Da ya ga layi ya cika da mutane sai ya ɗaga murya.

"Alhaji, yaushe za mu ga 'yar tamu a talabijin da ɗan bante? A gaya mana da wuri mu sayi man janareta."

A yi ta dariya. Ni kuwa ina da zuciya, ban iya haɗiye magana ba. Na ce masa za ku gan ta, kuma da hijabinta za ku gan ta, ranar ka tanadi bakin magana. Na faɗa sau ɗaya, na faɗa sau goma, har abin ya zama kamar rantsuwa. Yanzu da nake tunawa, tun daga nan abin ya fara ruɓewa. Yarinya tana wasanta don tana jin daɗinsa, ni kuma na mayar da shi hanyar toshe bakin mai hula.

Wata rana kocin ya tara mu ya ce an aiko masa daga Legas. Za a yi gasar 'yammata 'yan ƙasa da shekara goma sha takwas, kuma a irin wannan gasa ne masu horar da 'yan wasan sana'a ke zuwa su zaɓi waɗanda za su ɗauka su raina. Gurbi ɗaya aka ba mu, da kuɗin mota da masaukin mutum ɗaya da mai rakiya. Yaran biyu kuma duk wannan ce shekararsu ta ƙarshe, baɗi sun wuce ƙa'ida. Ya ce shi ba zai zaɓa ba, su kara ranar Asabar, wadda ta ci ita ce mai tafiya. Sai batun alƙali. Kocin yanar ido ta kama shi, daga saman kujera ba ya bambance layi da ƙasa. Sauran tsofaffin kowa ya zame. Ya rage ni da maƙwabcina, iyayen yaran.

Shi ya yanke maganar, yana dariya.

"Alhaji ya hau. Ni na zauna da Hausawa, na san ku da kunyar ɗan fari. Mutumin da ko sunan 'yarsa ba ya iya faɗa? In ma akwai wadda zai cuta, tasa ce. Kuma wa ya taɓa kama Alhaji da ragin awo?"

Kowa ya ce haka ne. Ni ma na ji daɗin maganar, har na ɗan sunkuyar da kai irin na mutumin kirki. Ban san an ba kura ajiyar nama ba, domin ni kaina ban san kura ba ce.

Asabar ɗin an yi yayyafi da asuba, filin ya yi luf, irin ranar da kowane sawu ke fita sarai. Maƙwabcina ya zuba layinsa fari tas. Mutane sun taru fiye da yadda aka saba, har da mata cikin lafaya a gindin bishiya. Ina hawa kujera na hango mai hula ya jingina da katanga, ya rufe shagonsa ya zo kallo. Na san ba don Allah ya zo ba.

Ba zan tsaya ba da labarin wasan dalla-dalla ba. Zagaye uku ake yi, wadda ta ci biyu ta yi nasara. 'Yata ta ci na farko, bahaguwar ta ci na biyu. Ina kiran maki ina cewa "ta dama" da "ta hagu" don kada in kama suna, mutane suna ta murmushi. Har zuwa nan ban karkata ko kaɗan ba, akwai ma ƙwallo biyu masu wuyar gani da na ba 'yar maƙwabcina, na ji ana cewa ka ga Alhaji. A zagaye na uku bahaguwar ta fara jan zare, dariyar nan duk ta ɗauke daga fuskarta, har aka kai inda maki ɗaya ya rage mata ta gama. Ɗaya tak. In ta ci, ita ke zuwa Legas.

Suka yi ta mayar wa juna, ya kai sau goma sha wani abu. Sai bahaguwar ta sami wata ƙwallo a hagunta ta zabga ta a miƙe, ta bi layin da ke ƙarƙashin kujerata, a gefen 'yata. 'Yata ta miƙa raket ba ta kai ba. Na ga ƙwallon ta dira. Na ga farar ƙura ta tashi, kuma farar ƙura ba ta tashi sai an taɓa layi. Na ɗaga ido, ban kalli 'yata ba, mai hula na kalla, ya riga ya fara washe baki.

"Waje!" na ce.

Bahaguwar ta riga ta ɗaga hannu sama za ta yi murna, sai ta sauke shi a hankali.

"Baba, don Allah a duba sawu," ta ce. Baba take ce mini tun tana koyon magana.

Haƙƙinta ne, dole in sauko. Tsanin kujerar hawa huɗu ne, kuma a kowane ɗaya ina da damar in ce na yi kuskure, ba wanda zai ga laifina, sai ma a ƙara yaba mini. Ina sauka na ga 'yata ita ma ta taho daga bayan fili ta nufo wurin, amma ni na fi kusa, na riga ta. Ga sawun nan kwance, dogo kamar ƙwan zabuwa, bakinsa ya ci farar ƙasar kamar faɗin ɗan yatsa. Ni mai awo ne, ba na bukatar a gaya mini. Na ɗora takalmina a kai. Akwai wani tsohon sawu a waje, tazarar taƙi guda, na nuna shi da hannu na ce ga shi nan. Da zan juya na murza dunduniya.

Bahaguwar ta kalli babanta. Yana tsaye a bakin raga da gwangwanin farar ƙasarsa a ajiye kusa da ƙafarsa. Ya ce mata da Hausa, yadda kowa zai ji, "Alƙali ya yi magana. Koma ki yi wasanki."

Ta koma, amma jikinta ya mutu. 'Yata ma wani irin wasa ta shiga yi, tana mayar da ƙwallo a sanyaye zuwa tsakiyar fili kamar mai miƙa wa baƙo ruwa, ita kuma waccan tana ta zuba su a raga. Cikin ɗan lokaci aka gama. Na kira sakamako da muryar da ban gane tawa ba ce. Aka yi tafi, mata suka yi guɗa, mai hula ya zo ya kama hannuna da hannu biyu ya ce Alhaji an gaishe ka. Abin da na yi shekaru ina jira ke nan, ya zo ban ji daɗinsa ko kaɗan ba.

Bayan kwana uku maƙwabcina ya zo gidana da la'asar riƙe da raket ɗin 'yarsa, wanda ya fi namu kyau, wani ɗan'uwansa ne ya aiko mata. Ya miƙa wa 'yata ya ce ta tafi da shi, a Legas ba a shiga da tsohon makami, kuma sunan garinmu za ta ɗauka. Ta karɓa da hannu biyu a durƙushe, ba ta ɗago kai ba. Ni na cika shi da godiya, na raka shi har bakin titi ina ta surutu a kan tsadar kaya.

'Yata ta tafi Legas da ƙanwar uwarta. A wasan farko aka fitar da ita. Ta dawo, ta mayar da raket ɗin mutane, ta rataye nata a bayan ƙofa, ba ta sake taka filin ba. Aka fara tambayata dalili, ni kuwa na sami amsa a shirye. Na ce a can an yi ta kallon hijabinta ana zunɗe, na ce yarinya ta girma, manema sun fara sallama, wasan nan ba namu ba ne dama. Kowa ya karɓa hannu bibbiyu, don abin da suke son ji ke nan. Dangin uwarta suka ce alhamdulillahi, mai hula ya ce ai na faɗa. Ko kalma ɗaya ba ita ta gaya mini ba, ni na ƙirƙira. Har faɗa na yi mata wata rana a gaban uwarta, wai ta ɓata mini wahalar shekaru. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, ni kam na naɗe tawa da kyau. Ta tsaya ta ji, ta ce in yi haƙuri, ta shige ɗaki.

Ni ma na daina zuwa filin, na ce gwiwa ce. Amma shago ba ya guduwa. Kullum da safe ga maƙwabcina, ya leƙo mu gaisa, mu sha shayi a kofi biyu daga buta ɗaya. In ya kunna talabijin ana tanis sai in sami aikin jera kaya. In rigimar awo ta tashi shi ne na farko da zai ce a kira Alhaji, kuma duk lokacin da ya faɗa sai na leƙa fuskarsa ina neman wani abu, ban taɓa samu ba. Na lallashi kaina cewa bai gani ba, yana can bakin raga, nesa ce. 'Yarsa ta tafi makarantar koyon jinya, ta gama, ta kama aiki. Duk hutun da ta zo sai ta shigo shagona ta durƙusa ta gaishe ni. Na kan cika mata jaka da atamfa kyauta, tana cewa Baba ya yi yawa. Shekara takwas muna haka.

Bara aka sa bikin 'yar maƙwabcin nawa. 'Yata, wadda yanzu take aure a Jiddari Polo da 'ya'ya biyu, ita ce babbar ƙawa. Ta zo shago da rana tsaka ta zaɓi wani leshi mai tsada za ta kai wa amarya, ta ce yadi biyar. Na auna, na yanka, na ninke, na miƙa mata. Sai ta warware shi a kan kanta, ta ɗauki sandan awona, ta fara aunawa da kanta tun daga farko, tana ƙirgawa a hankali.

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Uwata, me kike yi haka? Shekara talatin ba wanda ya taɓa bin bayan awona, sai ke da na haifa?"

Ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshe. Biyar ne cif, har da ɗan ƙari.

"Nata ne, Baba," ta ce. "Ba na so a sake rage mata komai."

Na nemi kujera na zauna. Hayaniyar kasuwa tana nan yadda take, masu baro suna ta a ba su hanya, ta bayan bango ina jin maƙwabcina yana ciniki da wata mata a kan maɓalli. Na rage murya na ce me take nufi, alhali na sani.

"Baba, ka san inda na nufa ranar nan da ka sauko daga kujera?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Gogewa zan je in yi. Na ga ƙurar ta tashi. Tun ina ƙarama nake ganin kuna yi kai da Baba mai zare, kullum ina cewa wata rana ni ma zan yi a babban wasa, kowa yana kallo. Saura taku uku in kai, sai na ga takalminka a kai."

Na ce, "Me ya hana ki magana?"

Ta kalle ni a karon farko, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"In ƙaryata mahaifina a gaban mutane? Da wane baki? Na yi ƙoƙarin in bar mata wasan, ita kuma ta kasa karɓa. Da na je Legas ba wanda ya yi wa hijabina dariya, Baba, har wata ta tambaye ni telan da ya ɗinka. Ni ce duk ƙwallon da ta faɗi kusa da layi sai in ga ƙafarka."

Ta ninke leshin yadda na koya mata tun tana yarinya, gefe a kan gefe. Ta ce washegarin wasan ta je gidansu ta gaya wa ƙawarta komai, suka yi kuka tare, kuma babanta yana tsakar gida yana ji. Washegari. Ke nan ranar da ya kawo raket, ranar da na raka shi bakin titi ina zancen tsadar kaya, ya riga ya sani. Ta sa kayanta a jaka, ta durƙusa ta yi mini sallama kamar kullum, ta fita neman keke.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Na yi ta tunanin cewa yarinya ɗaya na zalunta, ashe biyu ne, kuma ban san wadda na fi yi wa ɓarna ba tsakanin tawa da ta mutane. Kunya irin wannan ban taɓa jin ta ba, har cikin ƙashina. Da matar mai maɓalli ta tafi na tashi na zagaya. Taku biyar ne tsakanin ƙofata da tasa, na yi shekara takwas ban yi su da wannan magana ba. Yana zaune yana ware zare kala-kala a cikin kwali.

"Alhaji, lafiya? Ka ga fuskarka kuwa?"

Na faɗa masa a tsaye. Ban yi kwana-kwana ba, na ce ƙwallon ta ci layi, na gani, na taka. Ya ci gaba da ware zarensa har na gama.

"Ni na zuba layin nan, Alhaji," ya ce. "Da kowa ya watse na je na ga inda dunduniyarka ta cinye shi. Ni na sake zubawa."

Na ce to me ya sa bai taɓa ce mini komai ba, me ya sa yake ta cewa a kira ni awo.

"Awonka na yadi daidai ne, shi ya sa. Wancan kuma ni na ce ka hau. Na yi ta jira ka zo da kanka." Ya rufe kwalin. "Amma ba nawa ka taka ba. Tana gida, yau ake mata lalle."

Na rufe shago tun kafin la'asar, mai hula yana tambayata ko rasuwa aka yi. Na hau keke zuwa gidansu. Tsakar gidan cike da mata, ƙamshin turaren wuta har waje, don 'yar Maiduguri ce, yadda ake yi wa kowace amarya haka aka yi mata. Na aika a ce wa amarya Alhaji yana sallama. Ta fito zaure tana tafiya a hankali, hannayenta a ɗage don kada lallen ya goge, ta fara ƙoƙarin durƙusawa. Na ce kada ta durƙusa, ta tsaya.

Duk jawabin da na shirya a keke ya gudu. Na ce, "Ƙwallon nan ta ci layi. Ke kika ci wasan. Ke ya kamata ki tafi."

Ta daɗe tana kallona. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi dariyar nan tata ba. Sai ta ɗago hannun hagunta, wanda ta buga ƙwallon da shi, ta miƙe ɗan yatsa ɗaya da lalle bai gama bushewa a kai ba.

"Eh, Baba," ta ce. "Kamar faɗin wannan. Ƙawata ta nuna mini."

Ta juya ta ce a kawo wa Baba ruwa. Aka kawo a kofin silba, na karɓa da hannu biyu, na kasa sha.